Marubuci da Masoyansa: Tsakanin Daɗin Rubutu da Jiran Yabo

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana kai kawo a tsakanin ma'abota alƙalami, watau shin mutum yana rubutu ne domin daɗin da shi kansa yake ji, ko kuwa domin ya ji abin da masu karatu za su ce? A da, wannan tambaya ba ta shafi kowa ba sai 'yan tsirarun da Allah ya nufa aka buga musu littafi. Yanzu kuwa ta shafi ɗalibin Kwalejin Ilmi ta Gumel, da ma'aikacin ƙaramar hukuma a Sule Tankarkar, da matar aure a Gagarawa, domin kuwa duk wanda yake riƙe da wayar hannu yana iya shirya labari da hantsi, kafin la'asar ya isa hannun mutane masu yawa. Abin da ya sa ya kamata a tsaya a kan tambayar shi ne, labarai da dama an faro su da zafi ba a ƙarasa ba, wasu kuma an ƙarasa su amma sun bauɗe daga inda masu su suka nufa, kuma sau da yawa sanadin abin yana wajen masoya, ko dai shirunsu ko kuwa yawan maganarsu.

Abin da ake nufi da masoya a nan ya fi mai karatu kurum. Masoya su ne masu karatun da suka san juna ta dalilin wani marubuci ko wani irin labari, suna taɗi a kansa, suna jiran ci gabansa, suna kuma ganin suna da haƙƙin a ji ta bakinsu. Wannan lacca za ta bi sawun dangantakarsu da marubutan Hausa, sa'an nan ta duba abin da yabo yake yi wa mai rubutu, daga ƙarshe ta nuna gurbin da ya dace da kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan biyu.

Tushen abin a adabin gargajiya

Adabin baka na Hausa bai san mai fasaha shi kaɗai ba. Mai tatsuniya ba ta farawa sai yara sun amsa mata, makaɗi yana tafe da 'yan amshi, kuma idonsa yana kan fage, in ya ga wani ɗan waƙa ya motsa mutane sai ya maimaita shi, in ya ga jiki ya yi sanyi sai ya sake kiɗa. Kyautar da ake yi masa a fili ita ce hukuncin masu sauraro, kuma nan take yake jin ta. Ke nan son a ji ta bakin jama'a ba baƙon hali ba ne da wayar hannu ta kawo.

Rubutu shi ya fara raba mai fasaha da fage. Wanda ya ɗauki alƙalami da tawada yana zaune ne shi kaɗai, ba mai amsa masa, sai bayan ya gama takardar za ta fita. A ayyukan Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ana iya ganin fuskoki biyun duka. Ta rubuta waƙoƙin karantarwa waɗanda jajoji suke haddacewa su kai wa 'yan taru a ƙauyuka, watau rubutu ne da aka auna shi daidai kunnen waɗanda za su ji. Ta kuma rubuta marsiyyoyi, kamar na ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu cikin 1837, waɗanda tushensu baƙin cikin da yake zuciyarta ne. Alƙalami ɗaya ne ya yi duka biyun, kuma babu wanda ya tauye wani.

Daga alƙalin gasa zuwa wasiƙar masoyi

Ƙagaggen labari a rubutun boko ya fara ne da mai karatu guda mai iko. Gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya cikin 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Waɗannan marubuta sun san wanda zai fara duba aikinsu, sun kuma san makarantu aka nufa da shi. Yaron da ya karanta Ruwan Bagaja a elementare ba shi da wata hanya ta gaya wa Imam ra'ayinsa, balle ya sa a sauya wani abu. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairun 1939 sai aka sami filin wasiƙu, talaka mai ilmin boko ya fara ganin maganarsa a buge. Mawaƙa kuma suka kafa ƙungiyoyi, irin su Hikima Kulob ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Aƙilu Aliyu, inda mawaƙi yake samun 'yan'uwansa masu sana'a su saurare shi. Har zuwa gasar Kamfanin NNPC wadda ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid cikin 1980, alƙalin gasa da editan kamfani su ne ƙofa.

Al'amarin ya juya ne a tsakiyar shekarun 1980. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya yaye matasa masu ɗimbin yawa da suka iya karatun Hausa, a daidai lokacin da tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a ƙananan maɗaba'u na Kano. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko, Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu ya fito cikin 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino kuma cikin 1991. Aka kafa ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama da Kukan Kurciya. Ƙasar Gumel tana cikin Jihar Kano har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa, kuma hanyar fatauci da ta haɗa Kano da kasuwar Maigatari mai ci ranar Alhamis, ta zarce Damagaram, irinta ce littattafan suka bi suka shiga ƙauyuka da ƙasar Nijar.

Abubuwa uku na tsarin waɗannan littattafai sun kusanto da mai karatu ga marubuci fiye da yadda aka taɓa gani. Na farko, marubuci yakan sa adireshinsa a jikin littafi, daga baya ma har da lambar waya, saboda haka wasiƙu suka riƙa zuwa masa kai tsaye. Na biyu, akan keɓe shafin gaisuwa inda ake jera sunayen masoya, wanda ya ga sunansa a buge kuwa ya zama ɗan gida. Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, akan fitar da labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, kuma galibi cinikin na ɗaya shi yake biyan kuɗin buga na biyu. Ma'anar wannan ita ce, ra'ayin masu karatu yana iya riskar marubuci alhali labarin bai ƙare ba. Muhawarar da ta ɓarke a jaridu cikin shekarun 1990, wadda Ibrahim Malumfashi ya yi fice a ɓangaren masu suka, ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya yi fice a ɓangaren masu kāriya, wani sashenta a kan wannan batu ne, watau ko marubucin da kasuwa take ja wa akala yana iya faɗin abin da yake ransa.

Zamanin shafi-shafi

Da wayar hannu ta yaɗu, kashi ya koma shafi. Marubuta da yawa, mafi yawansu mata, suna buga labari a waya su saki shafi ɗaya ko biyu a rana ta WhatsApp da Facebook da Wattpad, masoya kuma suna taruwa a zauruka masu ɗauke da sunan marubuciyar ko sunan littafin. Wasu sukan ba da shafukan farko kyauta, sa'an nan su ce wanda yake son ci gaba ya biya. Abin da wasiƙa take yi cikin mako biyu a da, yanzu cikin minti biyu ake yin sa. Marubuciya takan saki shafi da dare, kafin ta kwanta ta ga masu cewa a hukunta kishiya, da masu roƙon kada a kashe wane, da masu cewa labarin ya yi sanyi. Ba abin mamaki ba ne kuma a ga ta rubuta a ƙarshen shafi cewa in ba ta ga sharhi ba za ta dakata.

Wannan gargaɗi ya ƙunshi matsalar gaba ɗayanta. Wadda ta faɗe shi ba ƙarya take yi ba, ta ɓata sa'o'i tana danna waya, ta sayi data da kuɗinta, wataƙila bayan ta gama girki da hidimar yara, kuma ladan da take nema bai wuce a ce mata an gani ba. Amma a daidai lokacin da ta faɗe shi, ta miƙa mabuɗin ɗakinta ga wasu, domin ci gaban labarin ya dogara ke nan ga abin da ba ya hannunta.

Abin da yabo yake yi wa mai rubutu

Masana halayyar ɗan Adam sun yi bincike a kan wannan. Cikin 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford a Amurka. Sun zaɓi yaran da da ma suke son zane, suka kasa su uku. Kashi na farko aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, na biyu aka ba su takardar ba zato bayan sun gama, na uku ba a ba su kome ba. Bayan kamar mako biyu aka ajiye alƙaluman zane a aji ba tare da wani alkawari ba, sai aka ga yaran kashi na farko lokacin da suka ɓata a kan zane bai wuce kimanin rabin na sauran ba. Abin lura a nan shi ne, waɗanda kyauta ta zo musu ba zato sha'awarsu ba ta ragu ba. Ashe jiran kyautar shi ne ya yi ɓarnar.

Cikin 1985 Teresa Amabile ta gwada irin wannan da matasa 72 masu rubutun adabi. Kowannensu ya rubuta gajerun waƙoƙi biyu, amma kafin ta biyun aka sa wasu su yi nazarin dalilan rubutu na waje, kamar suna da kuɗi da burge malamai, wasu kuma dalilai na ciki, kamar daɗin wasa da kalmomi. Da aka ba mawaƙa ƙwararru suka auna, waƙoƙin waɗanda aka tuna wa dalilan waje su suka fi ƙarancin fasaha. Gwaji ɗaya ko biyu ba su isa a yanke hukunci a kan dukkan marubuta ba, amma sun dace da abin da aka sani a sana'o'in gida: maɗinkin hula da yake ɗaga kai kowane lokaci ya ga ko ana kallonsa, allura ce take samun yatsansa.

Akwai kuma kuskuren lissafi da yake karya zuciyar marubuta, watau ɗaukar shiru a matsayin ƙi. Cikin 2006 Jakob Nielsen, masanin yadda mutane suke amfani da intanet, ya bayyana wani ƙiyasi cewa a yawancin tarukan intanet kimanin kashi 90 cikin 100 karatu kurum suke yi, kashi 9 sukan tanka jefi-jefi, kashi 1 su ne masu yawan magana. Ƙiyasi ne, ba doka ba, amma in an ɗauke shi a misali, zauren da yake da mutum 200 masu tankawa kullum ba za su wuce biyu ba, masu leƙowa wani lokaci kuma kamar goma sha takwas. A ƙasar Hausa ma akwai ƙarin dalilan shiru: kunya, da karatu da wayar aro, da ƙarancin data, da macen da ba ta son a ga sunanta a zauren labarin soyayya. Marubucin da ya auna darajarsa da yawan masu tankawa ya auna hatsinsa ne da mudun da ba shi da gindi. Wanda kuma ya juya labarinsa don ya gamsar da masu tankawa, ya bi ra'ayin 'yan kaɗan ya bar mafi yawa da ba su ce a sauya kome ba.

Darasi daga wasu ƙasashe

Ƙarfin masoya a kan marubuci ya girmi intanet. Arthur Conan Doyle na Birtaniya ya gaji da jaruminsa Sherlock Holmes, yana son ya koma ga labaran tarihi da ya fi ƙauna, saboda haka ya kashe shi a wani labari da mujallar Strand ta buga cikin Disambar 1893. Masu karatu suka yi ca, mabuga littattafai suka yi ta tayin kuɗi, har cikin 1901 ya sake rubuta labarin Holmes, cikin 1903 kuma ya dawo da shi da rai ɗungum. Labaran tarihin da ya fifita yanzu kaɗan ne suke karanta su, Holmes kuwa duniya ta san shi. Wannan ya nuna wani lokaci masoya sukan ga abin da marubuci bai gani ba a cikin aikinsa.

A ɗaya gefen akwai Emily Dickinson ta Amurka, wadda ta rasu cikin 1886 ta bar waƙoƙi kusan 1,800, alhali waɗanda aka buga tana da rai ba su wuce kimanin goma ba. Akan kawo ta misalin mai rubutu don kanta, amma tarihinta ya nuna ta aika ɗaruruwan waƙoƙi cikin wasiƙu ga aminanta, musamman Susan matar wanta, kuma cikin 1862 ta rubuta wa wani manazarci, Thomas Higginson, tana neman ra'ayinsa. Ta guji taro, amma ba ta guji mai karatu ba. Ta zaɓi waɗanda za ta saurara ne kurum.

Yabo da gyara da umurni

Daga abin da ya gabata ana iya rarrabe maganar masoya gida uku, kuma rashin rarrabewar shi yake jawo ruɗani. Akwai yabo, wanda amfaninsa ƙarfafa gwiwa ne, yana da daɗi kuma halal ne a so shi, amma ba ya koya wa marubuci kome, domin wanda ya ce labari ya yi daɗi bai faɗi inda daɗin yake ba. Akwai gyara, watau a ce a shafi na goma yarinyar marainiya ce, a na talatin kuma ga mahaifinta yana magana, ko a ce ba haka ake shari'ar gado ba, ko ba haka Bagumale yake furta wannan kalma ba. Wannan shi ne zinariya, kuma Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sa'an nan akwai umurni, watau a aurar da wance ga wane, a ƙara zafin kishi, a ƙara abin da zai motsa sha'awa. Mai ba da umurni labarin da yake ransa yake so a rubuta masa, kuma da yake abin da ya riga ya saba da shi yake nema, bin sa yakan sa littattafai su yi kama da juna kamar an zuba su a ƙwarya ɗaya.

Bambancin da yake tsakanin zamanin Imam da na yanzu shi ne lokacin da mai karatu yake shigowa. A da yana shigowa bayan an gama, yanzu kuwa yana tsaye a bakin murhu tun ba a ɗora tukunya ba. Saboda haka abin da yake hannun marubuci shi ne ya mayar da kowane abu lokacinsa. Wanda ya tsara ƙarshen labarinsa tun kafin ya saki shafin farko, ko ya rubuta kashi mai yawa ya ajiye, umurni ba zai iya karkatar da shi ba, shiru na kwana uku kuma ba zai tsayar da shi ba. Wanda ya sami mutum biyu ko uku masu faɗa masa gaskiya, ko malami ne, ko abokin aiki a ofis, ko 'yar'uwa a ƙungiyar marubuta, ya sami abin da Hikima Kulob take ba mawaƙanta. Gasa irin Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara shirya wa mata cikin 2016, ita ma tana da wannan fa'ida, domin sai an kammala labari ake aika shi.

Masoya su ma akwai nauyi a kansu. Labarin da aka karanta kyauta wani ne ya hana idonsa barci a kansa, kuma kalma guda da ta nuna wurin da ya taɓa zuciya ta fi dogon kirari amfani. Yaɗa littafin kuɗi ga waɗanda ba su biya ba, ko cire sunan mai shi, cin amana ne ko da an kira shi ƙauna.

Kammalawa

An ga cewa son jin ta bakin jama'a tsohon hali ne a adabin Hausa, kuma tun daga gasar 1933 zuwa littattafan Kano da zaurukan waya mai karatu yana ta matsowa kusa da marubuci har ya shigo tsakiyar aikin. An ga kuma cewa yabon da ya zo bayan aiki ba ya cutarwa, jiransa ne yake rage sha'awa, shiru kuma ba shaidar rashin masu karatu ba ne. Daɗin rubutu shi ne jarin marubuci, domin shi kaɗai ne yake tare da shi a ranar da ba wanda ya tanka, ra'ayin masu karatu kuwa riba ce da ma'auni. Ɗalibar da take shirya labari a Gagarawa tana da haƙƙin ta so a karanta ta, kuma tana da haƙƙin ta ji daɗin yabo in ya zo. Abin da zai fisshe ta shi ne ta san ƙarshen labarinta kafin ta buɗe wa jama'a ƙofa, ta karɓi gyara ko daga bakin wa ya fito, ta kuma ƙarasa abin da ta fara ko da mutum biyu ne suka ce mata sannu.